Daga Ƙofar Fada Zuwa Tsakiyar Tabki

Mu mutanen Ɗan Issa ba mu da gadon ruwa. Gadonmu hanya ce: Maraɗi ta nan, Jibiya da Katsina ta can, 'yan duwan a tsakiya suna kallon kowa da kayansa. Amma 'yan fadarmu, wato mu da muke kashe dare a gindin butar shayi guda, mun ɗaura wa kanmu wata al'ada. Ranar babbar sallah mu shiga Maraɗi kallon hawa, kashegari kuma, bayan an sauke ragunan da suka sha wuta a kan itace an raba nama, mu nufi tabkin Madarunfa mu ɗauki hayar jirgi. Muna kiranta doguwar tafiya. Masunta na dariya, don su kafin hantsi sun gama zagaye tabkin. Ni dai a waɗannan kwana biyun nake sanin waɗanda nake shan shayi da su shekara guda.

Wanda ke fara buɗe baki shi ne masanin sarauta. Tun muna cikin mota yake kawo Ɗan Kasawa da yadda Katsinawa suka kafu a Maraɗi bayan jihadi, da ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga fadama ya hau tudu. Har nan ba shi da laifi, gaskiya yake faɗi. Matsalar tana farawa ne da dawaki sun ɓullo. Duk mai rawani a wurinsa basarake ne. "Ga Ƙaura nan! Wancan na bayansa Durbi, mai farin doki 'Yandaka." Bara sai da ya nuna mana Galadima uku kafin kakaki ya busa. Da ɗaya daga cikinsu ya matso, ya sassauta amawali ya gaishe mu, ashe ɗan kabu-kabun da ya kawo mu daga tasha ne, dokin ma aro ya yi. Masaninmu bai ji kunya ba. Ya ce ai ka duba zaman sirdinsa, jinin gidan ne.

Kusa da shi akwai wanda bai taɓa ganin hawa da idonsa ba, sai ta cikin waya. Yana ba sarki baya don laima ta fito a hoto, yana ɗaukar kansa yana cewa "muna nan kai tsaye," alhali ba a san wanda ke kallonsa ba in ban da ƙanwarsa. Daidai lokacin da mahaya suka sako jahi, ƙura ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, a nan cajinsa ke mutuwa. Ko shekara ɗaya bai kuskure ba.

Sai Alhajin Kano. Bai je Makka ba, Kano ya je, sau ɗaya, a saman motar kaya, kuma tun daga ranar babu abin da ya ƙara burge shi. Algaitarmu ba ta kai ba, lifidinmu ya koɗe, dawakinmu sun rame. Da ya ji a rediyo cewa UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a 2024, sai da ya zagaya gida-gida kamar shi aka naɗa. Yanzu jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi yake jira, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ya rantse ranar da ya fara aiki ba za mu ƙara ganinsa a sallar Maraɗi ba. Muna ta addu'a a gama da wuri.

Akwai kuma wani da ban san ko ana samun irinsa nesa da iyaka ba. Aljihunsa biyu, ɗaya naira ɗaya sefa, kuma ko yaushe wanda ba a karɓa a wurin shi ne a cike. In mai kilishi ya miƙo hannu a Maraɗi, sai ya laluba ya ce, "Kash, ɗan uwa, naira gare ni, biya mini in mun koma." In kun tsallaka Jibiya cin kasuwa, sefa ce ta cika shi. Ya san farashin canji na safe da na marece, ya san ranar da naira ta faɗi fiye da yadda ya san ranar sunan ɗansa, amma jika biyun da ya ci mini tun kafin a rufe iyaka a 2019 har yau lissafinta bai fito ba.

Mai gezna ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ci bashin shaddar, ya sa an buga ta har tana ƙara, ba ya zama, ba ya jingina, ba ya runguma. Ƙura ta sa ya kalli hawan daga bayan wata tireda.

To, duk wannan a tudu ne, inda mutum ke da wurin gudu. Madarunfa ba ta da wannan rangwamen. Tabki ne mai faɗi da Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke shayarwa, ga kukoki a gefe, ga balbela da kirinjijiya, har an sa shi cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Mutane na zuwa ziyarar kushewun waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi. Mu kuwa da naman sallah muke zuwa a leda, mu tara, mu ɗura cikin jirgin da aka yi don mutum biyar da taru.

A nan jarumin fada ke bayyana. Shi ne wanda jiya ya tsaya gaban 'yan tauri yana cewa kakansa wuƙa ba ta cinsa, ko da yake da 'yan bindiga suka saki ta farko mun same shi a bayan mai sayar da rake. Da jirgi ya rabu da gaɓa taku goma sai murya ta canza. Ya kama katako da hannu biyu, ya ce kowa ya daina tari. Ya tambayi mai jirgi ko akwai kada, aka ce babu, ya ce to me ya taɓa gindin jirgin? Mai waya kuma ya samo caji a daren, ya miƙe tsaye yana cewa mu karkata gefe guda don kuka ta fito. Mai gezna yana tsugune kamar mai alwala, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa yana hawa masa sitaci a hankali.

Muna da malamai biyu, kuma ba mu taɓa raba su jirgi ba, don su ne rediyonmu. Ɗaya ya ce ziyarar kushewa lada ce, ɗaya ya ce a kawo hujja. Suna farawa tun daga gaɓa, da larabci da ɗaga yatsa. Iska kaɗan ta kaɗa jirgi, sai ka ji bakinsu ya haɗu a kan salati ɗaya, ba mai gyara wa wani. Da ruwa ya lafa, su ɗora daga inda suka tsaya.

Ni kaina ina cikin lissafin, kada a ce na tsame. Ni ne mai haɗa tafiya, mai rantsuwar cewa bana kowa zai biya nasa, mai biya wa kowa, mai dawowa gida ya yi wa matarsa bayanin inda kuɗin cefane suka shiga.

Mai jirgin dattijo ne, bai ce uffan ba tun da muka hau, gorarsa kawai yake dannawa. Da jaruminmu ya kai ga yin wasiyya, yana faɗin wanda za a ba babur ɗinsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Baba, don Allah nan gaba nawa ne zurfinsa?" Dattijon ya zaro gorar daga ruwa ya nuna masa inda ta jiƙe. Ko ƙugu bai kai ba. Ya ce, "Yaro, in ka gaji da jirgin sauka ka taka, mu tarar da kai a gaɓa." Mai naira da sefa ne ya fara magana. Ya ce tun da ashe ana iya takawa, shi bai ga dalilin biyan kuɗin jirgi ba.