Ku da kuke auna labari da mudu

Na san ku, ai tare muke tsayawa a rumfar mai littattafai. Kafin ku duba suna sai kun ɗaga littafi kun ji nauyinsa, kamar mai cinikin doya. In ba a ce akwai na ɗaya da na biyu da na uku ba, sai ku taɓe baki ku ce marubucin ya yi rowa. Wata Hajiya ma ta taɓa ce min ita gajeren labari ɗanɗano ne, yana tayar mata da yunwa ya bar ta a hanya. To Hajiya, bari in ɗan ƙara miki yunwar.

Ga labarin da na ƙaga miki yanzun nan: Inna ta auna shinkafar mutum shida. Ta tsaya, ta mayar da gwangwani ɗaya cikin buhu.

Ƙurunƙus. Kalma 15 ce, ki ƙirga. Ban ce an yi rasuwa ba, ban shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba, ban sa kowa ya faɗi sumamme an yayyafa masa ruwa ba. Amma kin riga kin tambayi kanki wa ya ragu a gidan. Maigida ne, ko autar da aka kai ɗakin miji jiya? Wannan tsayawar da Inna ta yi da gwangwani a hannu, ke kika cika ta da wanda kika rasa. Da na ba marubucin da kike so wannan labari, da yanzu muna shafi na 40 ana kwatanta mana labulen falo, da dogon hancin yarinya, da motar da saurayi ya faka a ƙofar gida.

Wani Malam na can gefe yana cewa wannan salon Turawa ne. Haba Malam! Kai da kakarka ke gama da mutum da karin magana guda, kishiyoyi kuma su yi yaƙin yini da habaici uku? Littattafan da suka fito daga gasar rubutun labarai ta 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sirara ne, aljihun riga ya ishe su, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Gasar Hikayata ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016 kalma 1,000 zuwa 1,500 ta yanka wa kowa. Tambayi wadda ta taɓa shiga ta gaya maka wanne ya fi fitar da gumi, rubutawa ko ragewa.

Turawan ma da wuƙa suka samu nasu. Raymond Carver na Amurka, wanda ake yi wa kirari da sarkin taƙaitawa, editansa Gordon Lish ne ya datse fiye da rabin littafin labaransa na 1981. Carver bai ji daɗi ba, kuma sai a 2009, bayan rasuwarsa, aka buga ainihin abin da ya rubuta. Har gobe masu karatu na gardamar wanne ya fi.

Nan kam zan ba ku gaskiyarku guda, kada ku ce na cika son kai. Akwai gajeren da ba komai a cikinsa sai lalaci, marubuci ya gaji ya ajiye biro ya ce hikima ce. In an rage gwangwani alhali ba a taɓa nuna mana mutum shida ba, ai ba abin da zai motsa a ƙirjin kowa.

Hajiya, ga aikin gida. Ɗauko littafin nan mai kashi uku da ke ƙarƙashin filo, ki tsallake duk inda ake shafa hoda da hawa bene. Abin da ya rage ki aiko min, na yi alkawarin karantawa kafin shayina ya huce.