Don Allah Nintendo, A Bar Mother 3 A Japan

A cikin masu buga wasannin bidiyo na Amurka da Turai akwai wata jama'a da ba ta da ofis, ba ta da shugaba, ba ta karɓar kuɗin rajista, amma ta fi jam'iyyu da yawa tsayawa kan manufa. Buƙatarta ɗaya ce tak: kamfanin Nintendo ya fassara wani wasa mai suna Mother 3 zuwa Turanci, ya sayar mata. Wasan ya fito a Japan ranar 20 ga Afrilu, 2006, a kan 'yar na'urar hannu ta Game Boy Advance, kuma bai taɓa ƙetare teku da izinin masu shi ba. Irin wasannin nan ne da Japanawa suka gwanance a kai, inda mai bugawa ke shiga rigar jarumi, ya bi gari-gari yana hira da mutane, yana gwabzawa da dodanni, yana tara ƙarfi da abokan tafiya har labari ya kai ƙarshe bayan awoyi masu yawa. Rabin wasan karatu ne, don haka wanda bai ji Japananci ba dole ya jira tafinta. Bayin Allahn nan sun jira har wasu sun yi aure, sun haihu, furfura ta fara leƙowa. Ni kuwa ra'ayina, ko da zai jawo mini zagi cikin harsuna da dama, shi ne Nintendo alheri yake musu. Ranar da aka ba su abin da suke roƙo, ranar za a raba su da abin da suka fi ƙauna, wato roƙon kansa.

A duba yadda soyayyar ta samo asali. Mother 3 yana da wa, Mother 2, wanda marubucin tallace-tallace Shigesato Itoi ya ƙirƙira ya fito a Japan a 1994. Shekara guda bayan haka aka kai shi Amurka da sunan EarthBound, cikin wani ƙaton kwali, haɗe da littafin jagora. Kamfanin ya zuba kuɗi a talla, har da wasu katuna a cikin mujallu waɗanda in ka kankare su sai wari ya bugi hancinka, tallar kuma tana alfahari da cewa wasan ɗoyi yake. Amurkawa suka gaskata maganar, suka wuce abinsu. Kwafi kusan 140,000 kawai aka sayar, abin da kamfanin ya lissafa a matsayin faɗuwa. Sai da wasan ya ɓace daga shaguna sannan ƙaunarsa ta taso gadan-gadan, tsohon kaset ɗinsa ya koma ana cinikinsa da ɗaruruwan daloli, kowa ya zama wanda tun farko ya gane darajarsa. Ihu bayan hari ke nan. Da Nintendo ya ji tausayi ya dawo da shi a 2013 a kan na'urar Wii U, ya sa masa dala 9.99, alhali a lokacin sauran tsofaffin wasannin zamaninsa dala 7.99 ne. Mutanen da suka shekara 18 suna rantsuwa cewa ko nawa ne za su biya, sai ga wasunsu sun tsaya suna mitar dala biyu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne Mother 3 ɗin da ake wa kuka bai ɓata ba. A watan Oktoba na 2008 wasu masoya, ƙarƙashin jagorancin wani ƙwararren mai fassara, Clyde Mandelin, suka kammala fassara shi da kansu bayan aikin kusan shekara biyu, suka sake shi kyauta. Cikin mako na farko an sauke fassarar fiye da sau 100,000. Ke nan akasarin masu koken sun buga wasan, sun san wanda ya mutu da wanda ya rayu, sun zubar da hawayensu sun share. Ga abu a hannu, cikin harshen da suke ji, amma sun ce sam ba su same shi ba sai an sa hatimi an karɓi kuɗinsu. Ya kamata a kawo su su ɗauki darasi wurin dattawan Kano da suka shekara da shekaru suna cika sinima don kallon finafinan Indiya ba fassara ba tafinta, su fito suna ba da labarin tiryan-tiryan, ba wanda ya taɓa rubuta wa Bombay takardar koke. Su kuwa waɗannan, tun a 2003 suka tara sa hannu sama da 30,000 suna neman a kawo musu wasan, shekara uku kafin a gama yin sa. Ba wanda ya san ko zai yi daɗi ko ba zai yi ba. An dai ji ƙishin-ƙishin cewa za a iya hana su, wannan kuwa ya isa.

Daga nan naci ya zama sana'a. Reggie Fils-Aimé, wanda ya shugabanci Nintendo na Amurka har zuwa 2019, ya sha wannan tambaya a hira bayan hira, ko da kuwa maganar wata sabuwar na'ura aka kira shi ya yi. Ya taɓa cewa yawan masu sa hannu a takardar koke ba shi ne yawan masu saye ba. A babban bajekolin wasanni na E3 na 2014 sai kamfanin ya gaji, ya nuna wani ɗan wasan 'yartsana inda wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya yana neman Mother 3, 'yartsanar Reggie ta jefe shi da dunƙulen wuta ta babbake shi. A wani wurin, in mai kanti ya yi wa mai saye irin wannan, an rabu ke nan. Su murna suka yi. An ambace su a gaban duniya, an san da zamansu, kuma sun samu abin hira na wasu shekaru.

Mai kare su zai ce ba haka kawai suka zama masu ƙorafi ba, an daɗe ana raina musu hankali. Wannan gaskiya ne, kuma tarihin ma ya fi yadda ake ba da shi ban dariya. Kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy na farko a Japan a 1987, ya isa Amurka a 1990. Na biyu da na uku aka ƙi kai su. Da na huɗu ya fito a 1991, don kada Amurkawa su gane an yi musu tsallake, sai aka manna masa lamba biyu. Na biyar aka sake riƙe shi a gida, na shida ya je a 1994 sanye da lamba uku. A 1997 kamfanin ya gaji da ƙarya, ya kai na bakwai da lambarsa ta gaskiya, yaro Ba'amurke ya kwanta a uku ya farka a bakwai, yana tambayar wa ya sace masa guda uku. A tsakani, a 1992, an ɗinka musu wani mai sauƙin gaske, Mystic Quest, bisa zaton cewa na ainihin ya fi ƙarfinsu, da aka tashi sayar da shi a Japan kuma sai aka sa masa suna Final Fantasy USA, don kowa ya san waɗanda aka yi wa sassaucin. Mutanen Turai ma sun fi shan wuya. Ba su ga ko ɗaya daga cikin jerin masu lamba ba sai na bakwai, kuma saboda talabijin ɗinsu na sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa maimakon 60, wasanni da yawa sun riƙa isa gare su suna tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin 100. An makara wajen kawowa, jarumin ma da ya iso yana jan ƙafa.

To amma a dubi abin da wannan rainin ya haifar. Ya haifar da malamai. A kowace makaranta sai an samu yaro ɗaya da ya san cewa na ukun da kuke bugawa ai na shida ne, ya faɗa yana kallon sama, sauran su yi tsit. Akwai wanda ya yi odar kaset daga Tokyo da tsada, ya sa aka yi wa na'urarsa tiyata don ta karɓe shi, ya zauna da ƙamus yana laluben inda aka rubuta “buɗe ƙofa”. Wannan mutum yana da daraja a cikin tsaransa, darajar kuwa daga hanin ta fito. Da kamfanoni suka gyara halinsu suka fara sakin wasa rana ɗaya a ko'ina, kamar yadda aka yi da Pokémon X da Y a Oktoban 2013 da Final Fantasy XV a Nuwamban 2016, malantar ta rushe. Abin da ka sani, ɗan shekara tara ma ya sani, ƙila har ya riga ka gamawa.

Za a kuma kawo hujjar 2011, lokacin da masoya suka yi gangamin da suka kira Operation Rainfall don a kai wa Amurka wasanni uku na Wii: Xenoblade Chronicles, The Last Story da Pandora's Tower. Sun yi ruwan wasiƙu, sun yi rububin odar Xenoblade a Amazon har ya hau saman jerin wasannin da aka fi nema tun babu shi. Duka ukun sun iso tsakanin 2012 da 2013, an kuma saya. Ba na musun wannan. Tambayata ita ce, ina mayaƙan suke yanzu? Nasara ta sallame su daga aiki. Xenoblade na biyu da na uku sun fito a duniya rana ɗaya ba tare da kowa ya lashi kan sarki ba, mai ba da labarin gwagwarmayar kuma ya zama tsohon da yara ke saurara don ladabi kawai. Ƙorafin ma bai mutu ba, gida ya sauya. Da Fire Emblem Fates ya isa Amurka a 2016, an cire wani ɓangare da mai bugawa ke shafa fuskar sojojinsa a kan allo don su ƙara son sa, sai ga magidanta masu gemu suna ta da jijiyar wuya kan an tauye musu haƙƙin shafa kumatun zane. Shi kuwa Mother na farko, wanda ya fito a 1989, sai a 2015 ya isa ƙasashen waje, bayan shekara 26. Tarbar da ya samu daga wasu ita ce ya cika wuya, dodanni sun cika tare hanya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa aiki mai kyau ya cancanci ya isa ga kowa ta halastacciyar hanya, waɗanda suka yi wahalarsa kuma su ci guminsu, musamman wasan da aka fara a 1994, aka soke a 2000, aka sake tayar da shi daga baya. Ban da ja a kan kyawunsa. Sai dai a tuna me labarin ke faɗa. Labarin wasu tagwaye ne, Lucas da Claus, a wani ƙauye mai suna Tazmily inda mutane ba su san kuɗi ba, kowa na ɗaukar abin da yake buƙata a shago ya yi godiya. Sai wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki ya shigo da kuɗi da wasu akwatuna masu haske da ya ce suna kawo farin ciki, mutanen gari suka tare a gabansu, zumunci ya watse. Wannan shi ne wasan da dubban mutane suka buga kyauta, suka yi kuka, suka ce ya sauya musu tunani, sannan suka miƙe suna buga ƙofar kamfani da kuɗi a hannu suna magiyar a sayar musu da shi a akwati mai haske. In har Itoi, marubucin labarin, ya so ya gwada ko an fahimci saƙonsa, ga sakamakon jarrabawa nan ya fito.

Alamu sun nuna Nintendo ya gane inda maslahar mutanensa take. A Fabrairun 2024 ya sanar da sa Mother 3 cikin tsofaffin wasannin da masu biyan kuɗin rajista ke samu a na'urar Switch, zukata suka buga daga Landan har Los Angeles, sannan aka ga cewa na masu rajistar Japan ne kaɗai, cikin Japananci. Kukan da ya biyo baya ya haɗa tsofaffin abokai da suka daɗe ba su gaisa ba, ya kuma jawo sababbin matasa cikin sahu. Saboda haka ina kira ga shugabannin kamfanin a Kyoto da su daure su toshe kunne. In an ga kukan ya fara sanyi, a sake fitar da wasan a Japan da sabon kwali, a tabbatar hotonsa ya isa Amurka.