Tsiron Da Ke Cin Ƙwari, Da Masu Cewa “Kai, Haba!”

Ku da ba a ba ku labari sai kun ce a rantse, yau da ku nake. Akwai tsiro mai cin ƙwari. Na hango Malam can ya taɓe baki, wai Gizo da Ƙoƙi sun dawo. To, gyara zama.

Sunansa Sarracenia, gidansa fadamun kudu maso gabashin Amurka, wajajen Jojiya, Alabama da Fulorida. Ganyensa a naɗe yake kamar doguwar buta mai murfi. Bakin na tsattsafo da ruwa mai zaƙi, ƙuda ya zo lasa, santsi ya kwashe shi, sai ciki. Gashin da ke ciki duk ƙasa ya kalla, don haka shiga ba wuya, fita kuwa sai dai labari. A can gindi ruwan narkarwa ya ƙarasa aiki. Ƙasar fadamar ce ba ta da abinci, shi ya sa tsiron ya koma farauta.

Tunda kun fara sassautowa, na san abin da ke ranku: a dasa a tsakar gida a huta da sauro. Ayya! Akwai wani sauro, Wyeomyia smithii, da ke ƙyanƙyashe ’ya’yansa lafiya lau a cikin ruwan butar Sarracenia purpurea. Maƙiyin da kuke son a cinye, masauki aka ba shi.

Ku gwanayen noma kuwa, a hannunku zai fi saurin mutuwa. Kuka zuba masa taki, ko da kashin awaki ne, saiwa ta ƙone. Masu renonsa a waje suna dasa shi ne cikin ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama haɗe da yashi, su ɗora tukunyar a faranti mai ruwa don kada ta bushe. Ruwan ma sai na sama ko tatacce. Na rijiya da na burtsatse, saboda gishirin ƙasa da ke ciki, a hankali suke kashe shi. Rana yake so, awa 6 ko fiye kullum. Hajiya, don Allah kada tausayi ya sa ki jefa masa tsokar miya. Ruɓewa za ta yi, ta tafi da butar.

Babban cikas shi ne barcin da yake yi na wata 3 zuwa 4 cikin sanyi mai tsanani. Hunturunmu, duk da kukan da muke yi da shi, bai kai ba.

Akwai kuma Nepenthes rajah na dutsen Kinabalu a tsibirin Boniyo, wanda butarsa ke ɗaukar ruwa fiye da lita 2, har an taɓa tarar da ɓera ya nutse a ciki. Kafin ku ce a kawo muku shi bakin rumbu, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta hana cinikin na daji, kuma zafin Maris kaɗai ya ishe shi ajali. Ku dai ci gaba da lallaɓa kyanwarku.