Waɗanda Ruwan Nungwi Ke Tona wa Asiri

Zanzibar ba tsibiri ɗaya ba ce. Akwai Unguja, mai tsohon garin nan na duwatsu da baƙi ke tururuwa a kansa, akwai kuma Pemba can arewa, koriya shar, inda ake noman mafi yawan kanumfarin ƙasar, irin wanda muke jefawa a zoɓo da yaji. Mai hali yakan hau ƙaramin jirgin sama, cikin kamar rabin awa ya sauka kusa da garin Chake Chake a Pemba. Sauran bayin Allah kuwa sai jirgin ruwa, daga tashar Malindi a Unguja zuwa Mkoani a Pemba.

Farkon tafiyar yaudara ce tsantsa. Jirgi na bin gefen Unguja ta yamma, tsibirin na tare masa iska, ruwa kwance luf, kowa na raha har a wuce tsibirin Tumbatu. Da an bar fitilar Nungwi a baya sai kariya ta ƙare: kimanin kilomita 50 na buɗaɗɗen teku. In kuma aka yi rashin sa'a lokacin Kusi ne, iskar kudu da ke kaɗawa daga Afrilu ta yi ƙarfi a Yuni zuwa Agusta, to a nan kowa ke ajiye halin aro ya ɗauki nasa.

Wanda ya fi saurin ajiyewa shi ne Gwanin Teku. Tun a layin shiga za ka ji shi. Ya haye zuwa Mombasa a kwalekwale, ya kwana uku a ruwa ba ci ba sha, kakansa ma matuƙi ne. Ma'aikacin jirgi ya zo yana rabon 'yan jakunkunan amai, Gwanin ya ɗaga hannu ya ce, "Kai yaro, ba wa mata da yara." Igiyar ruwa ta farko ya yi dariya. Ta uku ya rage magana. Kafin ta goma sai ka ga babban mutum ya yi tsit, goshi na naso, yana kallon jakar maƙwabcinsa da idon roƙo. Ba ya taɓa yarda teku ce ta kayar da shi. Kifin daren jiya ne.

Kusa da shi za ka sami Mai Guzuri, wanda ya gaskata cewa cikin da ke cike ba ya jin jiri. Ya narki shinkafar biriyani a bakin tasha, ya ɗora soyayyen dankali da ƙwai, ya kora da ruwan rake. Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. Shi ma abincin bai daɗe ba.

Mai Tuban Gaggawa kuwa ya cancanci a tsaya. Da aka tashi, waya ce a hannunsa, yana zazzaga wa wani masifa kan kuɗi. Jirgi na ɗagawa sama ya faɗo tim, sai ga carbi, wanda ba wanda ya san yana da shi. Addu'ar hawa abin hawa da bai yi a Malindi ba, yanzu yake ramuwarta da ƙarfi, har da wadda ake yi in za a shiga kasuwa, don duk abin da ya zo baki fita yake. Sai alkawura su biyo baya, gwargwadon tsayin igiya. Ƙarama ta sa ya yafe bashin ƙaninsa. Babba ta sa ya ɗauki nauyin rufin masallacin unguwa. Wata da ta watso ruwa har tagar bene ta sa ya tuna matar da ya saki ba da haƙƙinta ba. Abin sha'awar shi ne lissafinsa bai ɓace ba: da tuddan Pemba sun fara bayyana, ruwa ya lafa, rufin masallaci ya koma buhun siminti ɗaya, buhun ma sai an sayar da kanumfari.

Akwai Baturiya mai jakar goyo, da littafin jagora da ƙwayar hana jiri wadda ta manta ba ta sha ba sai da jirin ya zo, alhali tun kafin a tashi ake shan ta. Ta fara da ɗaukar hoton igiya. Ta ƙare a kwance a ƙasa, kanta bisa cinyar wata baiwar Allah da ba su jin yaren juna, ana yi mata fifita da gefen zane ana yi mata sannu.

Shi ko Likitan Jirgi ba ya zama. Yana bi kujera kujera da magani: tauna citta, tsotsi lemun tsami, sa kanumfari a ƙarƙashin harshe, shinshina takardar kuɗi, kada ka kalli mai amai. Abin haushin shi ne, a cikin tarkacensa akwai gaskiya. Jirin teku rigima ce tsakanin ido da kunne: can cikin kunne ana jin jiki na lilo, ido kuwa yana kallon bangon jirgi yana rantsuwa ba abin da ke motsi, ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata, ciki ya biya tara. Saboda haka fita shan iska da kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa yana taimakawa, haka ma zama a tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi. Sai dai Likita yana faɗar wannan ne yana tauna busasshen kifi a saitin hancinka.

Wanda na fi jin haushi shi ne Mai Labarin Mutuwa. Yana jira sai an iso daidai inda ruwa ya fi hauka, sannan ya gyara murya ya nuna taga: "A nan ne fa." Kowa ya san abin da yake nufi. Cikin daren 10 ga Satumba 2011, jirgin Spice Islander da ya tashi daga Unguja zuwa Pemba, maƙare da mutane da kaya fiye da kima, ya kife a wannan mashigi, aka rasa mutum sama da 1,000. Shekara ba ta cika ba, a Yulin 2012, jirgin Skagit ma ya nutse a hanyarsa daga Darussalam. Ba ƙarya yake yi ba, kuma a cikin fasinjojin da ke sauraronsa da wuya a rasa wanda ɗan'uwansa ya tafi a wannan dare. Shi ya sa ba a yi masa gardama, ba a kuma tanka masa. Amfaninsa ɗaya: yana rufe baki, sai ka ga mutane na laluben ƙarƙashin kujera don tabbatar da rigar ceto na nan, abin da sanarwar ma'aikata ta kasa sa su yi.

Ɗan kasuwa bai ma ji labarin ba. Ransa na can wurin kaya. Duk faɗowar jirgi sai ya dafe ƙirji, ba don kansa ba, don firji biyu da katon ɗin kofunan tangaran. Ya tare ma'aikaci ya ce a gaya wa direba ya bi a hankali, kamar akwai wata hanyar da aka zuba wa kwalta aka ƙi bi.

Sai Tsohuwar Pemba. Tun shigowarta ta shimfiɗa zanenta a ƙasa, ta yi matashi da ƙullin kayanta, ta lulluɓa. Jirgi ya yi sama, ya yi ƙasa, jarirai na tsala ihu, talabijin na ta nuna fim ba mai kallo, ita ko munshari. Can ta farka, ta kwance gefen zane, ta ci gyaɗarta, ta dubi Gwanin Teku da ke rungume da jaka ta ce, "Sannu ɗana, yau ai ruwan da sauƙi." Asibiti ke kai ta Unguja, ko biki, ko jikoki, kuma ba ta taɓa jin cewa haye teku abin ba da labari ba ne.

Masu ba da labarin suna Mkoani. Ƙafa na taɓa ƙasa, mutumin da aka riƙo ta hammata aka sauko da shi zai saki hannun masu riƙonsa, ya gyara hula. 'Yan tarba su ce, "Yaya hanya?" Ya ce, "Lafiya lau, 'yar iska ce kawai." A cikin motar Chake Chake igiyar ta kai tsayin gida. A wurin shan shayi ta kai bishiyar kwakwa, kuma shi ya riƙa kwantar wa mata hankali. Kafin sallar isha'i, matuƙin jirgin da kansa ya sauko neman shawararsa. Da safe kuma za ka gan shi a ofishin 'yan jirgin sama, hula a karkace, yana tambaya ƙasa ƙasa ko akwai ragi ga mai komawa Unguja.