Ku da ba ku zuwa zaure, me ya haɗa ku da kukan zaure?

Tun ban ce komai ba na ga an fara taɓe baki. Taro ta waya? Taron kuɗi kuma? Alhaji, sauke hannu daga haɓa, labarin ƙasar Ailan ne, ba wanda ya taɓa asusunka.

Mutanen Ailan sun daɗe da ƙungiyoyin ajiya da lamuni. An buɗe ta farko a 1958 a unguwar Donore da ke Dublin, kuma wata malamar makaranta, Nora Herlihy, na cikin waɗanda suka sha wahalar kafa harkar. Yau membobinsu sun haura miliyan uku a tsibirin. 'Yan unguwa ɗaya ko 'yan ma'aikata ɗaya ne ke tara kuɗi suna ranta wa juna, kuma mai Yuro goma da mai dubu goma duk ƙuri'a ɗaya suke da ita. Dokar 1997 ta ce a rufe lissafin shekara ranar 30 ga Satumba, a yi babban taro tsakanin Oktoba da Janairu. A nan ake karanta lissafi, a zaɓi shugabanni, a amince da ribar da za a raba.

Sai ga korona. A Oktoban 2020, daidai lokacin taron, gwamnati ta sake kulle ƙasa, ta ce kada kowa ya wuce kilomita 5 daga gidansa sai da larura. Doka ta ce a taru, doka ta ce kada a taru. Kamfanoni tun watan Agusta aka ba su izinin yin nasu ta intanet, su kuwa ƙungiyoyin nan sai Disamba majalisa ta gyara musu doka, lokacin Paschal Donohoe na ministan kuɗi, aka ɗaga musu wa'adi zuwa ƙarshen Afrilun 2021. Amurkawa ma tun Maris na 2020 hukumar da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi ta buɗe musu wannan ƙofa.

Na san amsarku: maganar kuɗi sai ido da ido. In ma'aji ya fara inda-inda, a fuskarsa ake gani. Madalla. To amma ido nawa ne ke zuwa? A dokar Ailan, mutum 30 sun isa a ce taro ya zaunu, ko da membobi dubu ashirin ne. Waɗanda suka rubuta dokar sun san halin mutanensu. Ba banza ba ake tanadar shayi da biskit, a kuma ajiye ƙuri'ar kyaututtuka sai ƙarshen taro. Kada ku yi musu dariya. Malam, taron ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinku na bara, ka je? Ka je, na yarda. Ka iso ana addu'ar tashi, ka sa hannu a takarda, ka karɓi shinkafa a roba da lemo mai sanyi, ka tambayi na kusa da kai ko nawa aka ce riba.

Mai jego da ba ta da wanda zai riƙe mata jariri, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da dattijon da gwiwa ta hana shi hawa bene, su ba su taɓa ganin zauren nan da kuke yi wa kuka ba. Kuɗinsu na ciki, bakinsu ba ya ciki. Waya ce ta ba su kujera.

Wuri ɗaya ne nake bin ku sallah, shi ma ba ku kawo shi ba, ni na kawo muku. Kowane taro yana da mutumin nan mai tsohuwar jaka cike da takardu, wanda ke miƙewa ya ce: bashin da ba a biya ba ya ƙaru, wa ya ci? A zaure shugaba ba shi da yadda zai yi da shi, sai dai ya sha ruwa ya yi ta gyara tabarau. A Zoom kuwa yatsa ɗaya ya isa a kashe masa murya, ka gan shi a ɗan akwatinsa yana ta motsa baki kamar kifi a ruwa. Ko a ce kowa ya rubuto tambayarsa, sakatare ya tsinci masu laushi ya karanta. Ga kuma ƙauyukan Ailan da sabis ke wahala a lokacin korona, domin sai a Nuwamban 2019 gwamnati ta sa hannu a kwangilar kai musu intanet mai ƙarfi. Wanda ke son yin gardama da ni, nan ne filinsa: a hannun wa maɓallin yake, wa ke ƙirga ƙuri'a, ta yaya aka tabbatar mai jefa ta memba ne.

Amma ku ba wannan ne ya dame ku ba, mu daina ɓoye wa juna. Hajiya tsoronta kada kyamara ta buɗe tana tsakiyar tuƙa tuwo. Alhaji kuwa tun ɗazu abu ɗaya yake lissafawa: in an koma waya, wa zai biya kuɗin data, kuma shinkafar fa, ta ina za a turo ta?