Wasiƙa Daga Beljiyam Kan Makaɗan da Ba Su da Ubangida

Zuwa ga taubashi, manomin albasa da tafarnuwa a Kwargaba ta ƙasar Wurno.

Mai wannan wasiƙa, wanda neman abinci ya kai birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, yana amsa tambayar da taubashi ya aiko, ko Turawan nan suna da makaɗa na gaske ko kuwa iyakarsu abin da ake ji a wayoyin samari. Suna da su, har akwai wani jinsi a cikinsu da ke bukatar dogon bayani, musamman da yake taubashi mutum ne da magana ba ta shiga kansa sai an biyo ta da fura.

Jinsin nan reshe ne na kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki da tarin gangunan da mutum ɗaya yake kaɗawa da hannu da ƙafa, sai dai an gauraya shi da kiɗan ɗaki, wanda mutane kaɗan suke yi babu madugu a gabansu, kowa yana bin abin da aka rubuta masa a takarda. Ƙungiyar da ta fi suna a kansa ita ce Univers Zero, wadda aka kafa a Beljiyam a 1974, makaɗin ganga Daniel Denis yana jagorantar ta, ta kuma fitar da faifanta na farko a 1977. A cikin kayanta akwai gogen Turawa, da harmoniyom mai aiki da zuga, da obo wadda 'yar'uwar algaita ce, da basun, doguwar mabusa ta itace mai kaurin murya da Michel Berckmans ya shahara da busawa. A faifansu na 1979 mai suna Heresie, kiɗa ɗaya ya haura minti 20, tsawon da taubashi bai taɓa yi a zaune ba in ba a gaban akushi ba.

Mai wasiƙa ya halarci wasan wasu makaɗa masu bin wannan tafarki a wani ƙaramin ɗakin taro, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne awon kiɗan. Kalangun biki yana tafiya ne a kan awo mai komawa mazauninsa, shi ya sa ƙafa take gane inda za ta sauka tun kafin ta tashi; su kuwa waɗannan suna gina kiɗa a kan bugu 7 ko 11, kuma da zarar kunne ya fara sabawa sai su sauya, basun ya bi hanya ɗaya, goge ya bi wata, ganga ta ratsa tsakaninsu, sannan duka su tsaya cak a bugu guda ba tare da wani ya dubi wani ba. Taubashi, wanda jama'ar fadamar Rima suka shaida cewa ƙarar injin ban-ruwa ma tana sa shi taka rawa, da ya gwada a nan da sai an nemo maɗori. Sun gaji wannan salo ne daga mawallafa kiɗa irin su Stravinsky da Bartók, kuma Bartók ɗin, mutumin Hangari, ya yi ta yawon ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin manoma, har ya kai Biskra ta Aljeriya a 1913, abin da ke nuna cewa wahalar kiɗan tana da jijiya a karkara.

Amma babban bambanci yana ga zaman makaɗin kansa. A ƙasar Sakkwato makaɗin fada da ubangida aka san shi: Ibrahim Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ana ba su doki da riga suna kai sunan mai kyauta inda ƙafarsa ba ta je ba. A Turai kamfanonin faifai ne suka zama iyayen gidan makaɗa, kuma su abin da zai sayu suke so. Saboda haka ranar 12 ga Maris 1978 ƙungiyar Henry Cow ta Ingila ta gayyato Univers Zero da wasu uku daga Faransa da Italiya da Suwidin, suka yi wasa a Landan da sunan Rock in Opposition, suka shelanta cewa za su ci gaba da kiɗansu ko da kamfani ko babu. An farfaɗo da taron a 2007 kusa da Carmaux, tsohon garin haƙar kwal a kudancin Faransa. A wasan da mai wasiƙa ya halarta kuwa babu sanƙira, babu kirari, babu liƙi, jama'a sun yi tsit har wanda tari ya kama yana haɗiye shi, kuma ba a ambaci sunan kowa ba, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa taubashi ya nemi a mayar masa da kuɗin ƙofa.

Hukuncin mai wasiƙa shi ne mutanen nan gwanaye ne da suka cancanci girmamawa, domin wata da watanni suke yi suna gwaji saboda daren da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Yana kuma ganin cewa wanda ya tashi yana jin yadda 'yan amshin Narambaɗa suke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ta daidai kan bugun kotso, ba da wuri ba kuma ba a makare ba, ya riga ya mallaki kunnen sauraron wannan kiɗa, domin horon ɗaya ne, wato kowa ya san gurbinsa ya kuma tsare shi.

Za a turo ɗanɗano ta WhatsApp, da sharaɗin kada a kunna shi kusa da shanun huɗa, kuma kada a kai shi kasuwar Goronyo a ce waya ce ta lalace. A gaida Kawu da Inna da mutanen Rabah, a kuma tuna wa taubashi cewa ƙetare teku ba ya kashe kuɗin shara, lissafi yana nan a rubuce har watan Cika-ciki mai zuwa.

Wassalam, daga taubashinsa na Burasal.