Shanun Dutsen Mesa Ba Su da Tozo

Ɗan ƙanena ya sauka wurina a Surko daga Kano, kyamara rataye a wuya, ya ce, “Baffa, sai ka raka ni Birnin Kudu in ga zanen dutse.” Na yi shiru. Na tsufa ina wuce duwatsun nan, ban taɓa leƙawa ba, amma na ce masa ai na san su kamar yunwar cikina.

Muka hau Dutsen Mesa ina haki. A jikin wani lungu ga shanu nan da jan launi, masu dogon ƙaho, sun dusashe har sai ka ƙura ido. Yaron ya shiga yi mini karatu: a shekarun 1950 wani Bature, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kan zanen da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa in an buga su, yanzu kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke kula da wurin. Wato Bature ya taso tun daga Ingila, ni kuwa kuɗin acaɓa ya gagare ni.

Wani Bafulatani da ke kiwo a gindin dutsen ya hawo ya duba tare da mu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

“Alhaji, waɗannan ba su da tozo. Ko kyauta aka ba ni, ba zan kai su kara ba.”

Saura Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Na ce wa yaron gwiwata ta riga ta gan su.